Yawon Ɗanɗana Giya Zai Raba Mijina da Kujerarsa

Frau Hollfelder,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani, domin yadda raina yake tafasa kwanakin nan, kaɗan ya rage in ɗauki tsintsiya in nufi wani gidan giya a garin nan. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ce. Amma wa zan gaya wa? 'Yata ce ta jawo abin, a kan mijina ya sauka, maƙwabta kuwa dariya suke yi.

Bana muka cika shekara arba'in da aure, ni da maigidana Wendelin. 'Yarmu Heike da ke zaune a Hamburg ta ce sai ta yi mana bajinta, ta biya mana tafiya a jirgin ruwan nan na masu shaƙatawa, tun daga Köln har Vienna. Duk wani yawo da jirgin ke shiryawa in ya tsaya a gari sai da ta biya mana shi, har da wanda suke kira yawon ɗanɗana giya tare da jagora. Da yarinyar nan ta tsaya ta karanta, da ta ga cewa a Bamberg za a yi yawon giyar, garin da na haife ta, inda muke zaune har yau ɗin nan.

Ranar da jirgi ya tsaya a garinmu, Wendelin ya ce shi dai a ƙyale shi ya zauna a ciki ya karanta jarida, ko ya leƙa gida ya duba tumatirinsa. Na ce ba za ta saɓu ba. An riga an biya, kuma ba ƙananan kuɗi ba, domin abin da suka karɓa na wannan yini ɗaya zai ishe shi sha na wata guda. A gidanmu ba a barin abin da aka biya ya tafi a banza, haka uwata ta rene ni.

Aka rataya mana kati a wuya mai sunan jirgi, aka cusa mana abin sauraro a kunne, aka zuba mu a mota. Har ta ƙofar gidanmu aka bi da mu, na ga labulena da idona, na kuma ga maƙwabciyar da na bar wa amanar furannina ko ɗigon ruwa ba ta ba su ba. Jagorar wata mata ce daga arewa, ko lafazinmu bai zauna a bakinta ba, tana tafe da jar lema a sama muna bin ta a baya kamar 'yan agwagi. Gidan giya na farko lafiya lau. Muna fitowa sai na ga lemar nan ta karya kwana ta shiga lungun gidan giyar da Wendelin ke zuwa majalisar abokansa duk ranar Talata, yau shekara talatin da ɗoriya. Kuma ranar Talata ce.

Kin san yadda teburin majalisa yake a irin waɗannan gidaje. Na su Wendelin yana can kusa da murhu, kowa da kujerarsa, kowa da kofinsa mai murfi da ake ajiye masa a gidan. Wanda ya iso ya ƙwanƙwasa tebur da hannu, sauran su amsa masa da ƙwanƙwasawa, gaisuwa ta ƙare. Kuni, matar da ke kai wa mutane giya a gidan tun muna da sauran baƙin gashi, tana hango Wendelin daga bakin ƙofa ta sauko da kofinsa, ta cika, ta dire a gaban kujerarsa. Balduin, dattijon majalisar, tsohon mai gyaran rufin gida, har ya dunƙule hannu yana jiran ya amsa gaisuwa.

Wendelin ya ɗaga ƙafa zai nufi wajensu. Na riƙo hannun rigarsa na raɗa masa, "Ina kuma za ka? Namu yana can ciki, an biya." Ai kowace mace mai hankali abin da za ta faɗa ke nan. Daidai lokacin jagorar nan ta nuna teburin da lemarta, muryarta ta shigo kunnen kowa: "Jama'a, ga 'yan gida na asali nan. Kada kowa ya zauna a wurin, amma in kun yi musu murmushi za su bari ku ɗauki hoto." Nan da nan wayoyi suka tashi sama. Mijina kuwa, ga kati a wuya ga igiya a kunne, kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai ya laɓe a bayan wani dogon mutumin Ostareliya, ya wuce teburin nan bai ƙwanƙwasa ba.

Aka zaunar da mu a dogon tebur can ƙurya, aka kawo wa kowa ɗan allo ɗauke da 'yan kofuna huɗu irin na ba yaro maganin tari. Wai ɗanɗano ke nan! Jagorar tana ta koya mana yadda ake shinshina ƙamshin hayaƙin da aka san giyar garinmu da shi, kofin Wendelin kuwa yana can a gaban kujerar da babu kowa, har kumfarsa ta kwanta. Babu wanda ya taɓa shi, babu wanda ya waiwayo mu. Da muka tashi fita, Kuni ta ɗauke shi ta zubar a kan idonmu.

Daga nan tafiya ta lalace. Regensburg, Passau, har Vienna, mutumin nan ruwa kawai yake kallo, in na yi magana ya ce "to", in na sake ya ce "a'a". Da muka dawo gida na matsa masa sai da ya je ranar Talata. Ya ƙwanƙwasa tebur, babu wanda ya amsa. Sai Balduin ya ɗaga murya ya ce, "Kuni, ga baƙo mun yi. Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa jirginku zai tashi? Kada fa a tafi a bar ka." Ita kuma marar mutuncin ta kawo masa ɗan mitsitsin kofi a kan allo ta dire masa. Gida ya kaure da dariya. Ya ɗauki hularsa ya dawo, kuma tun tsakiyar bazara har yanzu da ganye ke zuba bai sake taka lungun ba. A kasuwa ma yanzu Kyaftin suke kiransa.

Frau Hollfelder, gidanmu ya yi mana kaɗan ni da shi. Yana bina cikin kicin yana sake wa kayan yajina wuri, yana gaya mini yadda ake yanka albasa. Wannan duk zan jure. Abin da ke ci mini rai shi ne duk yammacin Talata sai ya sa takalminsa na fita, ya zauna a bakin taga har a kunna fitilun titi, sannan ya cire. Tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, teburin nan ne kaɗai abin da ya rage masa. Mutanen teburin su suka ɗauki akwatin gawar ƙanensa, su suka yi ta zarya asibiti da aka yi masa aikin zuciya. Yanzu matar mai burodi ta tsegunta mini cewa surukin Balduin ya fara zama a kujerar, wai kafin mai ita ya dawo, kuma ranar da za a buɗe gangar giyar kaka a wata mai zuwa, in har Wendelin bai nan, za a ba shi ita dungurungum. Kujerar nan sai da wani ya mutu kafin mijina ya same ta. In ta tafi, ta tafi ke nan.

Ni kam haushin kowa nake ji. Kamfanin jirgin ɓarayi ne da rana tsaka, su karɓi kuɗin mutum su shayar da shi a murfin kwalba. Heike na daina ɗaga wayarta, ga shi wai har tana shirin biya wa surukanta irin wannan yawo. Tsofaffin nan kuwa jakai ne, ba su da tausayi ko na ƙwayar zarra. Na yi niyyar in rubuta wa kamfanin su dawo da kuɗin, in kuma je gidan ranar Talata in wanke Balduin da Kuni tas a gaban jama'a. Ki gaya mini wanne zan fara, ki kuma gaya wa masu karanta ki cewa yawon giyar nan zamba ce tsagwaronta.

Wadda ranta ya ɓaci, daga Bamberg

*

Baiwar Allah,

Ki jingine tsintsiyar nan tukuna, ki zauna mu yi magana.

Ba zan ce wa masu karatu yawon zamba ba ne, domin ba ita ba ce. Ga baƙon da ya ƙetaro teku, bai san hanya ba, bai jin harshe, jirgi kuma zai tashi da yamma ko da shi ko babu shi, kuɗin yana biyan mota, da wurin zama da aka tanadar, da mai yi masa bayani, da kwanciyar hankalin cewa ba za a bar shi a gari ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wanda ke jin harshen, yake da ƙafafu, garin kuma ana iya zaga shi a ƙasa, gara ya riƙe kuɗinsa ya shiga gida ɗaya ya zauna a natse. Duk mai son biya ya fara tambaya: a wane gari za a yi, mutum nawa ne a ayari, zama za a yi ko tsaye, kuma ana iya musanya shi da wani yawon? Ki gaya wa Heike wannan don surukanta, kuma ki ɗaga wayarta. Kyauta ta yi muku da zuciya ɗaya, gaggawa ce kawai ta ci ta. Kamfanin kuwa ki rubuta musu in hakan zai sanyaya miki rai, kina da gaskiya a kan jagorar da ke nuna mutane da lema kamar kayan kallo. Kada dai ki sa rai da kuɗi, domin abin da suka sayar shi suka kawo.

Gidan giyar kuma kada ki kusance shi. Ranar da kika shiga kika yi musu tas, ranar kujerar ta zama ta surukin Balduin, domin babu namijin da zai iya komawa ya zauna inda matarsa ta je ta yi masa faɗa.

Na yarda dariyar ta yi zafi, kuma Kuni ta ɗan wuce gona da iri. Amma ki dubi abin ta wajensu. Ana nuna su ana ɗaukar su hoto, abokinsu na shekara talatin yana cikin masu kallon, an zuba masa giyarsa, ya wuce su kamar bai taɓa ganinsu ba. Ba su san kunya ce ta kama shi ba, su gani suka yi ya ji kunyar a gan shi da su. Wannan ciwo ne, kuma irin waɗannan tsofaffi ba su iya cewa an ɓata musu rai ba, sai dai su yi tsokana. Ni a ganina har yanzu suna sonsa. Da sun gama da shi, da ladabi za su karɓe shi, su kira shi da sunan mahaifinsa, kuma da tuni sun ba da kujerar ba tare da jiran wata mai zuwa ba. Jiransa suke yi.

Saboda haka Wendelin ya koma ranar Talatar nan, tun kafin ranar buɗe ganga, shi kaɗai. Ya ƙwanƙwasa tebur, ko an amsa ko ba a amsa ba ya tsaya. Ya gaya wa Balduin baki da baki cewa kunya ce ta rufe shi ranar, bai kyauta ba, a yi haƙuri. In an sake tsokanarsa ya shanye, ya yi dariya tare da su, kada ya taɓa hularsa. Wata ɗaya za su yi suna jan sa da wasa, daga nan su sami wani su koma kansa.

Saura ke. Kin lissafo mini kamfani da 'yarki da Kuni da tsofaffi, amma akwai mutum ɗaya da kika tsallake. Mijinki ya roƙi a bar shi a jirgi, aka hana. Ya ɗaga ƙafa zai je ya gai da abokansa, aka riƙe shi. Ba na cewa da mugunta kika yi, tattali ne da aka rene ki a kansa, kuma na tabbata shi ya riƙe gidanku shekara arba'in. Amma ranar ya ci ku tsada. Duk watannin nan mutumin nan bai buɗe baki ya ɗora miki laifi ba, kuma ina zargin wannan shirun nasa ne yake hura miki wutar da kike neman wanda za ki ƙona da ita.

Abin da nake so ya je ya faɗa wa Balduin yana da nauyi a bakin namiji mai shekarunsa, mai yiwuwa ma bai taɓa furta irinsa ba a rayuwarsa. To ki rage masa nauyin. Kafin Talata ki zaunar da shi, ki ce masa ke kika hana shi, ba ki kyauta ba, ya yi haƙuri, kada ki ƙara da "amma". Ki fara, ya ga yadda ake yi.

Allah ya huci zuciyarki, ya mayar da maigida cikin abokansa, ya ƙara muku shekaru masu daɗi tare.

Frau Hollfelder