Sunan da ke Bakin Baba

Ejigbo, 3 ga Maris

Yaya Sikiru,

Gaisuwa mai yawa. Ya Abidjan, ya kasuwa? Matarka Risikatu lafiya lau, ungozoma ta ce saura mako shida.

Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi. Kwana arba'in da ɗaya ke nan da shanyewar ɓarinsa na dama. Yana gane komai, magana ce ba ta fita. Tunda ba a kira ni bautar ƙasa ba tukuna, na sayi littafi ina koya masa kalma ɗaya kullum bayan karin kumallo. A kwana goma sha biyu, huɗu suka zauna.

Ka san abin da ke damuna. A gidanmu kaka ne ke raɗa wa jika suna, da bakinsa, kuma ba ya gaya wa kowa sai ranar suna.

Ƙanwarka,
Tolani

24 ga Maris

Yaya,

Ina fata kana lafiya. Ka tuna waƙar da Baba ke yi mana a gaban motarsa a hanyar Abidjan, ta matar nan mai soya ayaba a bakin iyaka? Wadda marigayiya Mama ke cewa da muryar jaki yake yin ta? Ranar Talata ina wanki ina rera ta, sai na ji ya kama. Baiti biyu cif, ba gargada. Likita ya ce hakan na faruwa, waƙa takan fita inda magana ta kasa.

Yanzu a cikin karin waƙar nake saka kalmar kowace rana. Ruwa, gishiri, zuma, manja, goro, duk abin da zai ɗanɗana wa jariri ranar suna bisa al'adarmu, ya iya. Jimilla ashirin da uku. Baffa Raimi, ƙaninsa, ya ce, “Ke 'yar boko, ɗan amshi za ki mai da yayana?” Baba ya jefe shi da hula.

Ka gaida abokan zamanka.
Tolani

29 ga Afrilu

Yaya,

Barka da arziki, Allah Ya raya. Mai jego da yaron lafiya. Na san an gaya maka an sa masa Kasali. Ga yadda aka yi.

Baba ya karɓi yaron da hannun hagu. Ya rera ruwa, ya rera gishiri, ya rera zuma, bai kuskure ko ɗaya ba. Da ya zo kan sunan sai bakinsa ya buɗe, ba kalma, sai amon murya guda uku: ɗaya ƙasa, biyu sama. Ya sake har sau biyar. Baffa Raimi ya karɓi yaron ya raɗa masa nasa zaɓin.

Laifina ne. Na koya masa komai ban da abu ɗaya, don ban san shi ba, kuma ban isa in tambaya ba.

Na rubuta sunaye goma sha tara na yarenmu masu gaɓa uku da suka dace da hawa da saukar muryar nan, ina karanta masa ɗaya kullum a madadin kalmar ranar. Ya girgiza kai ga goma sha ɗaya. Saura takwas. Amma tun Laraba ciwon ya sake bugunsa, kan ma ba ya motsi.

Yau da safe na karanta masa na goma sha biyu. Ya dube ni kawai. Ban san me zan rubuta a gaban sunan ba.

Ka taho, Yaya.
Tolani