Inna, Na Ajiye Kunyar Ɗiyar Fari

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa, ina so ki ji abin da na aikata, don da kina raye sai kin riƙe baki.

Ni ce ɗiyarki ta fari, shi ya sa har kika koma ga Allah ba ki kira sunana ba. Da zubar jini ya matsa miki a Maiyama, in na tambaya sai ki dubi bango ki ce, "Ciwon ciki ne, shina wucewa." Sai a asibiti muka ji sunansa, sankarar bakin mahaifa. Shi ya bi ƙanwarki Inna Hajo daga baya.

Na je an duba ni a nan Jega, lafiya lau. Ma'aikaciyar asibitin ta ce ƙwayar cuta ke kawo shi, amma akwai gidajen da jikin matansu ba ya saurin korarta, kuma ana gadon hakan. Wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi shi, kada ta jira ciwo.

Sai hankalina ya koma kan Hadiza, tawa ta farin, wadda ke aure a Aliero. Na aika ta bakin ƙanwarta cewa ta je a duba ta, ta ce aikin albasa ya sha mata kai. Na sake aikawa, ta ce garau take. Yaran yanzu, Inna, a wuni ana latsa waya, a rasa lokacin asibiti.

Na hau mota da kaina. Na same ta a tsakar gida cikin dangin miji tana tsintar albasa, na buɗe baki na ce Hadiza. Ta waiga bayanta tana neman mai kira. Surukarta ta yi dariya har da hawaye. A gabansu na faɗi abin da ya kashe ki, na kama hannunta muka tafi.

An ga ɗan tabo da bai kai ga zama ciwo ba, an kuma magance shi. Ɗiyarta ta sha allurar rigakafi, tana ta fushi da ni.

Yanzu Hadiza ta samu abin tsiya. Sai ta bugo waya ta yi shiru, wai sai na faɗi wa ke magana. Nakan yi mata faɗa, sannan in faɗa.

Ki yafe mini rashin kunyar, Inna. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗiyarki,
Saratu