Hannun Hagu na Baƙar Kwat

Port Pirie, 6 ga Yuni

Yaya Thelma,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Kerryn. Yaya sanyi? Nan dai ƙarfe biyar da rabi duhu ya rufe.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Kunnen ne, Yaya. A waya sai in ji ki kamar kina magana daga cikin tulu, ke kuma ki yi ta ihu har ki gaji.

Na shiga uku a unguwar nan tamu ta tsofaffi. Ran Talata da yamma ina zagayena, Vince na gida mai lamba tara ya fito da motarsa da baya, saura ƙiris ya take ni. Na faɗa cikin furannin wata mata, gwiwa ta ɗan kurje, shi ke nan. Vince ya fito yana cewa, "Clarrie, kai mutum ne ko inuwa? Wa ke yawo cikin duhu da baƙar kwat?" Na ce, "Wa ke tuƙi da ido ɗaya da rabi?"

Washegari manajar unguwar ta kira ni ofis. Petra sunanta, ba ta kai Kerryn a shekaru ba. Ta miƙo mini falmaran mai ruwan lemo, irin mai ƙyallin nan, wai in riƙa sawa. Ta kuma buga wa ɗana Craig waya a Perth. Sun gama magana a kaina: in aka sake ganina a titi cikin duhu ba ƙyalli, za a mayar da ni sashen jinya, inda ƙofa ke rufe kanta da ƙarfe biyar.

Shekara arba'in da ɗaya na sa irin falmaran ɗin ina haɗa taragai a tashar jirgin ƙasa. Ranar da na ajiye aiki matata Dulcie da kanta ta jefa shi a shara, ta saya mini wannan kwat. Tun da ta rasu ban taɓa fita babu kwat ɗin ba. Na gwada falmaran a kanta, ya ƙi rufuwa. Yana nan rataye a bayan ƙofa.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Clarrie

Broken Hill, 14 ga Yuni

Clarrie,

Gaisuwa. Muna nan lafiya, sanyi dai ya kama mini yatsu, kar ka yi mamakin rubutun.

Kai tun kana yaro haka kake. Shekara tamanin da ɗaya, taurin kan bai ragu ba. Ido ɗaya da rabi, ji bakinka. Da Vince ya murƙushe ka sai ka gaya masa hakan daga asibiti.

In tambaye ka, rana ta ƙare ne? Me zai hana ka fita da hantsi kamar sauran mutane? Unguwar taku na gan ta, titi ba gefen masu tafiya da ƙafa, fitilu uku kacal, masu tuƙin kuma duk sa'anninka ne. Su ba su gani, kai ba ka ji.

Ka saurare ni da kyau. Kar ka raina ƙofar nan mai rufe kanta. Wanda ya shiga wurin ba ya komawa gidansa, kuma ba a tambayarsa ko ya yarda. 'Ya'ya ne ke zama a kicin su yi ƙasa da murya, sai dai ka ga an kawo kwalaye.

Tun da ba za ka rabu da kwat ɗin ba, naɗe ta ka aiko mini. Kayan aikin marigayi mijina Wal na ramin ma'adinai suna nan cikin akwati, shekara goma sha biyu ban taɓa su ba. Ƙyallen jikinsu har yanzu yana walƙiya. Zan farke shi in ɗinka maka a jikin kwat. Kafin ta dawo ka zauna a gida, in ka fita kuma zan ji.

Kar ka tsaya yi mini gardama. Ni na goya ka.

Yayarki da ba ka jin maganarta,
Thelma

Port Pirie, 22 ga Yuni

Yaya Thelma,

Na gaishe ki. Na ga kin rubuta "yayarki". To, na gode, na zama ƙanwa a tsufana.

Kwat tana hanya, jiya na kai gidan waya. Akwai hankicin Dulcie a aljihun dama, kar ki cire, kar kuma ki wanke.

Kin ce me ya hana ni fita da rana. Da rana ana ganina, shi ne matsalar. Ba zan yi taku ashirin ba sai wata ta tare ni, ta karkata kai ta ce, "Clarrie, yaya kake fama?" Wata ta bi ni da kwanon miya. Na gode musu, amma na gaji da a dube ni kamar kare marar uban gida.

Ƙarfe shida kuma ita ce sa'ar da ba na iya zama a ɗakin nan. Lokacin ne Dulcie ke jera faranti, ta kunna labarai, ta yi ta musu da mai karantawa. Yanzu agogon bango kawai nake gani yana motsi. Sai in sa kwat in fita, in bi layi ina kallon tagogi. Kowace taga mutum ɗaya ne da faranti a cinya, talabijin na haska masa fuska. Ba wanda ya san na wuce. Ina zagayawa sau biyu, in na dawo shida ta wuce, sai in iya cin abinci.

Kwana goma sha takwas ke nan ban fita zagayen yamma ba. Petra ta ce na kyauta. Craig ya aiko kati, ya ce yana alfahari da ni. Ni kuwa jiya na tsinci kaina na jera faranti biyu.

Ki yi sauri, Yaya. Kaɗaici ya ishe ni.

Clarrie

Port Pirie, 13 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa. Mako uku shiru. Fushi kike yi, ko allura ce ta ɓace? Kullum ina jiran mai kawo wasiƙa a bakin akwati, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

In ɗinkin ya gagara, aiko mini da kwat haka nan. Ba zan iya ƙara wani makon a ɗakin nan ba, su yi abin da za su yi.

Clarrie

Broken Hill, 19 ga Yuli

Kawu Clarrie,

Barka da war haka, da fatan kana lafiya. Kerryn ce. Ka gafarce ni da jinkiri, sai shekaranjiya na ga wasiƙarka a akwatin gidan Mama.

Mama ta koma gidan jinya tun biyu ga wata. Sau biyu ta faɗi a watan Mayu, na biyun ta kwana a ƙasan banɗaki har safe. Ta hana mu gaya maka. Lokacin da ta rubuto maka ta riga ta san ranar da za mu kai ta, kwalaye ma suna falo.

Kwana huɗu ta samu da kwat ɗinka. Idonta ba ya ganin ramin allura, ni nake zura mata zare in na taso daga aiki, in bar mata allurai shida a jikin matashi. Na ce ta kawo in ɗinka da keke, ta ce in cire hannuna daga kayan ƙaninta. Ta gama baya da hannun hagu. Na daman ba ta samu ta fara ba.

Na tambaye ta me ya sa ta fara da hagu. Ta ce tun da motoci hagu suke bi a ƙasar nan, mai tafiya da ƙafa gefen dama yake bi yana fuskantar motoci, hannun hagunsa ne ke wajen titi. Ta ce, "Ki gaya wa wannan mai taurin kan ya bi dama. In ya bi hagu, aikina ya tashi a banza."

Kawu, ni ma ban so kai ta ba. Ba ta yi mini faɗa ba, hakan ya fi yi mini ciwo. Ɗakinta na kallon filin ajiye motoci. Da yamma bakin taga take zama.

Ga kwat nan. Hankicin yana inda yake. Allura ɗaya na maƙale a wuya, ta ce in bar ta, ka kula.

'Yarka,
Kerryn

Port Pirie, 25 ga Yuli

Yaya Thelma,

Na gaishe ki. Kerryn za ta karanta miki, na roƙe ta ta ɗaga murya.

Kwat ta iso. Ɗinkin ya karkace kamar hanyar maye, da Dulcie na nan da ta yi miki dariya. Petra ta juya ta gaba da baya, ta haska da tocila, ta ce ta yarda. Ta ce wata a unguwar za ta ƙarasa hannun daman, na ce a'a.

Jiya da shida na fita. Na bi dama. Vince ya taho daga kwana, fitilarsa ta doki hannuna, ya tsaya tun daga nesa. Ya zuge gilashi ya ce, "Clarrie, na gan ka."

Na zagaya sau biyu yadda na saba, sannan na ƙara na uku. Na ukun naki ne, kullum zan riƙa yi miki.

Allurar tana nan inda kika bar ta.

Ƙaninki mai jin magana,
Clarrie