Rijiyar Ƙofar Gida

Assalamu alaikum, Yaya Hajara. Ina gajiya? Ya yara da maigidan? Mu nan Dudunni lafiya, sai fargaba.

Tsohuwar rijiyar ƙofar gidanmu har yau a buɗe take, ga ɗana Sani ya fara tafiya. A taron ƙungiyar mata na miƙe ina kuka. Shugaba ta ce ba haka ake yi ba. Wai sai na ɗaga hannu an ba ni izini, sannan in ce, "Na kawo ƙudurin a rufe rijiya," wata ta goyi baya. Na faɗa kamar yadda ta ce. Ashe Lami mai goya mini baya ta tafi kai abinci gona. Wai sai taro na gaba.

Na gaji, Yaya. Yanzu in zan yi aiki, da zani nake ɗaure ƙafarsa jikin turmi. Ki sa mu a addu'a. A gaida mutan gidan.

Ƙanwarki, Rabi