Gilashin Baba

Doguwa, 6 ga Oktoba, 1956

Zuwa ga Yaya Abdussalami,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kulsum da yara, da kuma aikin reluwe. Mu nan lafiya lau, sai idon Inna da ciwon yana ke ƙara rufewa. Yanzu sai abu ya kai girman faifai take gane shi. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin Yaƙi da Jahilci ne.

Ƙaninmu Balarabe ya dawo daga haƙar kuza a Riruwai. Tsaransa da keke suke dawowa, shi kuwa bayan shekara uku sai ga shi da wani akwati mai wuya kamar zugazugin maƙeri, wanda wani Bature ya yar da zai koma gida. Wai injin ƙara girman hoto ne.

Ɗakin marigayi Baba ya kama. Ya toshe taga da laka, ya rataya bargo biyu a ƙofa, sannan ya huda bango ta gabas ya manna injin a ramin, wai rana ce za ta yi masa aiki. Ya kwashe tasoshin Inna guda uku ya cika su da wani ruwan magani mai wari. Na yi magana ya ce shi bai ji komai ba. Da ma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ka tuna ɗan hoton Baba da gara ta cinye, wanda aka ɗauke shi lokacin da yake kai hatsi Riruwai? Balarabe ya samo gilashin da aka buga shi da shi, kuma ya yi wa Inna alkawari zai mai da shi girman faifai ta ga fuskar mijinta kafin idon ya tafi gaba ɗaya. Na duba gilashin. Baƙi ƙirin ne kamar na fitilar da ta yi hayaƙi, fuskar Baba fara fat, rawaninsa baƙi. Inna kuwa ta yarda, kullum sai ta tambaya ko an gama. Abin da ke ƙona mini rai ke nan.

A gaida mutanen gida. Ƙanwarka,
Zuwaira

Doguwa, 27 ga Oktoba, 1956

Zuwa ga Yaya Abdussalami,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, Inna ta sa na karanta mata har sau biyu. Yaya zazzaɓin Kulsum? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in yi haƙuri da Balarabe, wai sana'a ce. Kai kana Kano, ba kai kake ɗebo ruwa ba. Tulu huɗu nake kai masa kullum don ɗauraye takardun hoto, ga dawa ta nuna ana neman hannu a gona, shi yana ƙunshe cikin duhu da rana tsaka yana ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi kamar mai koyon lissafi. Ranar Talata kaza ta ɗaga bargon ta shiga, haske ya lalata masa takarda. Da ka ji ihun da ya yi sai ka ce gobara ce.

Bayan duk wannan, me ya fito? Takardar farko baƙa wuluk, ta biyu fara. Da ya ga suna ƙarewa sai ya koma yanka su ƙanana yana gwaji. Mafi kyawunsu wata siririya ce mai faɗin yatsa biyu, ba komai a kanta sai kunnen Baba da gefen rawani, duk ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda. Ya kawo mini yana murna. Na ce masa ni ban taɓa jin an yi kewar kunne ba.

Ya ce wai ƙura ce a gilashin take kawo ɗigon, ya zauna yana shafa shi da gashin kaza kamar mai lallashin jariri. Mutumin da bai taɓa wanke ƙwarya ba, ina zai san yadda ake fid da datti? Jibi zai je Tudun Wada karɓo sababbin takardu a wurin direban motar Kano. Zan nuna masa abin da aka haife ni na iya.

Taka,
Zuwaira

Doguwa, 2 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga Yaya Abdussalami,

Ina gaishe ka, ina fata kowa lafiya. Wannan takarda kai kaɗai za ka karanta.

Yana fita na ɗauko gilashin. Na dafa ruwa, na tankaɗe toka mai laushi, na wanke shi yadda nake wanke gilashin fitila. Baƙin ya riƙa saluɓewa yana bin ruwan, ni kuwa ina jin daɗi, har ina shirya maganar da zan yaɓa masa. Da na ɗaga shi sama sai na hango bishiyar ɗorawa ta cikinsa tangaran. Na juya shi, na sake juyawa. Yaya, ashe baƙin nan shi ne Baba. Ni da hannuna na watsar da shi bayan madafa.

Bayan kwana biyu Balarabe ya dawo da la'asar da takardunsa a ka. Na miƙa masa gilashin. Ya daɗe yana kallonsa, ya kalli hannuna da toka ba ta gama fita ba. Da ya zage ni da na ji sanyi. Ya wuce wurin Inna ya durƙusa, ya ce mata maganinsa ne ya yi ƙarfi ya cinye hoton.

Inna ta yi kuka. Ta kira shi shashasha, mai aikin banza, duk kalmomin da ta saba ji a bakina. Ta ce da ma Zuwaira ta faɗa. Ina tsaye a bakin ƙofa, na bar shi ya ɗauki laifina.

Jiya ya ba ta 'yar takardar nan mai kunne. Ta kai ta dab da ido ta ce ba ta ga komai ba, amma ta ƙulle ta a bakin zanenta.

Kada ka rubuto masa faɗa. Gobe bayan sallar asuba zan gaya wa Inna gaskiya, ka taya ni da addu'a, don ban san da wane baki zan fara ba. Gilashin yana cikin akwatina. Tun da nake ban taɓa wanke abu ya fita tas kamarsa ba.

Ƙanwarka,
Zuwaira