Abin da Ya Hana Ni Zuwa Suna

Doguwa

Autata Nusaiba,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki, yaya ruwan zafi? Ina gaida maigidanki Ghali da mutanen Kiru.

An ce kin yi kuka da ba ki gan ni ranar suna ba, ga shi sunana aka sa wa jaririyar. Wallahi na taso. Bari dai in cire kunya in faɗa miki.

Tun bayan da na haife ki mahaifata ta fara zazzagowa, bara kuwa ta leƙo waje. Fitsari ba ya fita sai na tura ta ciki da yatsa, amma in na yi tari, shi ke nan, sai canza zani. Bayan gida kuwa in yi ta yunƙuri har gumi ya karyo, in tashi da sauransa a ciki. Na yi ta zama cikin ruwan bagaruwa kamar yadda iyayenmu suke yi, ban gaya wa kowa ba.

Don kada in ji kunya a mota, na daina shan ruwa tun ana jibi suna. Dabarar banza! A tashar Tudun Wada jiri ya kayar da ni, ran kasuwa, a gaban maza. Zanina ya jiƙe sharkaf. Direba ya juyo da ni gida.

Ki yi haƙuri, Auta.

Mahaifiyarki,
Kulu

Tudun Wada

Autata,

Bayan gaisuwa, yaya takwarata? Ina gadon asibiti, yayarki Hasana ce take rubuta miki wannan.

Likita ta ce fitsarin da ya daɗe yana taruwa ya taɓa ƙodata, bagaruwa kuma ba ta ɗaga abin da ya sauko. Za a yi aiki, amma sai in ƙodar ta yarda. An hana ni ɗaukar ko da tulun ruwa. Na tambaya ko goyo, aka girgiza kai. Ni da na goyi tara! Tsoro nake ji, Nusaiba.

Kada ki jira arba'in, ki kawo min takwarar tawa. Ku ɗora min ita a cinya ta daɗe. In zani ya jiƙe, 'yan dubiya za su ce ita ce.

Ki sa ni a addu'a.

Mahaifiyarki,
Kulu