Hantar Tsohuwar Zakka

Daren Laraba, Safana.

Ni na ce wa ɗiyata Hadiza kada asibitinsu ya sayi mazaunin kwalaben jini a tsadar nan, ai ubanta injiniya ne, mai aji huɗun firamare. Na yanka tsohuwar jarka, na huda ramuka da ƙusa mai zafi. Da babban yatsana na auna, ban taɓa riƙe kwalbar ba.

Yau na kai, na tsaya jiran yabo. Hadiza tana saka kwalbar farko ta sulale ta ramin ta fashe a ƙasa. Jinin wata tsohuwa ne daga ƙauyen Zakka.

Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Malam, da kunun kanzo na tara jinin nan. Ba mai ƙara ɗiba sai na ci hanta."

Gobe sai wurin mahauci, ni da rabona da nama tun Babbar Sallah.